Kama da Wane Ba Ta Wane: Siffar Musulmin Jos a Idon Jama'a da a Alƙalamin Abubakar Adam Ibrahim

1.0 Gabatarwa

Hausawa suna da karin magana guda biyu da ba sa ga-maciji da juna. Ɗaya na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, ɗayan kuwa na cewa kama da wane ba ta wane. Na farkon yana ba ido ikon yanke hukunci, na biyun kuma yana karɓe wannan iko daga hannunsa. A garuruwa da yawa saɓanin nan bai wuce abin hira ba, amma a Jos ya sha zama batun rai da mutuwa, domin an yi lokutan da hula ko gemu ko hijabi suka isa su sa a tare mutum a hanya. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi yadda ake yi wa Musulmi kuɗin goro saboda shigarsa da ibadarsa, ta ɗauki Terminus a matsayin misali, sannan ta auna ƙagaggen labarin Abubakar Adam Ibrahim mai suna Season of Crimson Blossoms, a ga inda ya gyara wannan kallo da kuma inda ya bar baya da ƙura.

2.0 Terminus: Mahaɗar da Ta Rage

Terminus ita ce cibiyar garin Jos. Nan ne aka gina babbar kasuwar da a zamaninta ake sa ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, kafin gobara ta cinye ta a watan Fabrairun 2002, 'yan kasuwa suka bazu a kan titunan da ke kewaye. Garin kansa haƙar kuza ce ta raya shi tun farkon ƙarni na 20, ta tara Hausawa da Yarabawa da Ibo da Nufawa, suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere. Hausa ce ta zama harshen ciniki na kowa, har ta kai ga ana wa'azi da ita a masallaci, ana kuma waƙa da ita a coci. Doguwar riga da hula ma ba su taɓa zama mallakar Musulmi shi kaɗai ba, domin dattijon Kirista a Filato yakan sa su ya tafi sujada ranar Lahadi.

Rikice-rikice ne suka sauya wannan hali. An fara da na watan Afrilun 1994, shekara uku bayan ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. Sai na ranar 7 ga Satumba, 2001, wanda ya tashi a unguwar Congo-Russia a lokacin sallar Juma'a, kan batun tare hanya, ya lashe rayuka kusan 1,000 cikin ƙasa da mako guda. Aka sake yi a Nuwamban 2008 da Janairun 2010. Kowane rikici ya ƙara raba unguwanni, Musulmi suka tattaru a irin su Anguwar Rogo da Gangare da Titin Bauchi, Kiristoci kuma a irin su Anguwar Rukuba da Jenta Adamu da Kabong. Da makwabtaka ta yi ƙaranci, sai sanin juna ya ragu, wanda kuwa ba ka sani ba da tufarsa kake karanta shi. A ɓangarorin biyu an tare hanya an kashe mutane saboda suna ko sutura, kuma adalci ne a faɗi haka tun da wuri.

Abin lura shi ne, Terminus na cikin 'yan wuraren da suka rage inda mai hijabi da mai ɗankwali suke tsayawa gaban tebur guda suna taya tumatir. A nan ne kuma aka tayar da bama-bamai biyu ranar 20 ga Mayu, 2014, mutane aƙalla 118 suka rasu, aka sake kai wani harin a yankin a watan Disambar shekarar. Bam bai tambayi kowa addininsa ba. Amma bayan ƙurar ta lafa, zargin ya fi sauka a kan mai gemu da mai dogon hijabi, duk da cewa a watan Yulin 2015 an kai hari masallacin 'Yan Taya ana tsakiyar tafsirin azumi, aka kuma kai wani gidan abincin Shagalinku, inda akasarin waɗanda suka mutu masu irin wannan shiga ne. Wato mutum guda ya zama abin farauta ga ɗan ta'adda, ya kuma zama abin tuhuma ga maƙwabcinsa.

3.0 Yadda Kuɗin Goro Yake Aiki

Kuɗin goro yana bin matakai uku. Da farko a ɗauki alama guda da ido ke gani, kamar gemu ko ɗage wando ko carbi ko tabon sujada. Sai a jingina wa alamar wata ɗabi'a, a ce tsattsauran ra'ayi ne ko jahilci ko mugun nufi. Daga ƙarshe sai a daina ganin mutumin, a riƙa ganin alamar kawai. Ranar 14 ga Agusta, 2021, an tare motocin wasu matafiya a Titin Rukuba, suna dawowa daga taron zikiri a Bauchi za su jihar Ondo, aka kashe sama da 20 daga cikinsu. Ba mazauna Jos ba ne, ba su da hannu a rigimar kowa, kamanninsu ne kawai suka yi musu shaida.

Wannan ciwo bai tsaya a Filato ba. Kwana takwas bayan ɓarkewar rikicin Jos na 2001, wato ranar 15 ga Satumba, aka harbe Balbir Singh Sodhi a jihar Arizona ta Amurka, saboda rawaninsa da gemunsa, alhali shi mabiyin addinin Sikh ne. A gida Nijeriya kuwa, a watan Disambar 2017 an hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja saboda hijabinta, sai a 2018 aka rantsar da ita, kuma sai a watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. Duk waɗannan suna nuna cewa tambayar da adabi zai amsa mai nauyi ce: wane ne a cikin rigar?

4.0 Littafin da Marubucinsa

An haifi Abubakar Adam Ibrahim a Jos a 1979, ya kuma karanta aikin jarida a Jami'ar Jos. Littafin nasa ya fito a 2015, ya ci babbar gasar adabi ta Nijeriya da kamfanin NLNG ke ɗaukar nauyi a 2016. Babbar tauraruwar labarin ita ce Hajiya Binta Zubairu, mai shekara 55, wadda aka kashe mijinta a rikicin Jos, ta yi ƙaura zuwa Mararraba kusa da Abuja. Tana zaune da jikarta Ummi da kuma Fa'iza, yarinyar da ta ga kisan mahaifinta da ɗan'uwanta a Jos, abin ya bar mata tabo a zuci. Wata rana wani matashi ɗan daba mai sayar da wiwi, Hassan, wanda ake kira Reza, ya haura gidanta sata, daga nan wata alaƙa ta ɓoye ta ƙullu tsakaninsu, wadda ta ƙare da mutuwar ɗanta Munkaila.

5.0 Inda Marubucin Ya Yi Nasara

Nasara ta farko ita ce marubucin ya shigar da mai karatu cikin zuciyar matar da a titi ba a ganin komai nata sai hijabi. Wanda ya hangi Binta a hanyar Islamiyya zai ce ya gama karanta ta: tsohuwa, Hajiya, mai carbi, ba ta da sauran buri. Labarin sai ya nuna mace mai karatun littattafan addini da na Turawa, mai nadamar yadda kunyar ɗan fari ta hana ta kiran sunan ɗanta Yaro har 'yan sanda suka kashe shi, mai kuma ƙishin kulawar da ba ta samu a gidan aure ba. Ibadarta ba ta bogi ba ce, zunubinta ma ba na bogi ba ne, kuma duka biyun a ƙirji ɗaya suke zaune. Wannan shi ne maganin kuɗin goro, domin kuɗin goro ba ya jure mutum mai fuska fiye da ɗaya.

Nasara ta biyu ita ce bai tsaya kan kallon da bare ke yi wa Musulmi ba, ya juyo da madubin cikin gida. Matan Islamiyya da suka juya wa Binta baya, da Malam Haruna mai neman aurenta wanda ya koma bin diddiginta da yaɗa zancenta, duk suna auna mutum ne da abin da ido ya gani. Haka nan sanatan da ke amfani da su Reza a harkar siyasa yana cikin shigar mutunci, yayin da Reza, wanda kowa ya yanke wa hukunci, yake ɗauke da raunin uwar da ta tafi ta bar shi. Marubucin yana nuna cewa tufa takan jawo wa mai ita zargin da bai cancanta ba, takan kuma saya wa wani mutuncin da bai yi aikinsa ba.

Ta fuskar salo kuwa, buɗe kowane babi da karin magana da tsarma kalmomin Hausa cikin Ingilishi sun sa baƙon mai karatu ya zama shi ne bare a gidan, dole ya zauna ya saurara. Wannan dabara ce mai kyau ga littafin da ke son a daina yanke hukunci daga nesa.

6.0 Inda Aka Bar Baya da Ƙura

Duk da haka akwai abubuwa uku da ya kamata mai tarke ya faɗa. Na farko, Jos a cikin littafin tana zuwa ne a matsayin tunani da mafarki mai firgitarwa, wato garin da aka baro. Ba a ba mai karatu isasshen hoton Jos ta yau da kullum ba, inda Bahaushe mai kayan miya yake ba Birom bashi, ko mai ɗinki Musulmi yake ɗinka kayan Kirsimeti. Wanda bai san garin ba zai rufe littafin yana ganin Jos mayanka ce kawai, wannan ma kuwa wani kuɗin goron ne, sai dai gari aka yi wa.

Na biyu, zurfin da aka ba Binta ba a ba masu siffar malanta irinsa ba. Ustaz Nura da Malam Haruna sun fi zama wakilan idon jama'a, ba a buɗe mana zukatansu sosai ba. To, mai gemu shi ne wanda ya fi shan tuhuma a shingen bincike. Idan adabi ya 'yantar da mai hijabi daga kuɗin goro, ya bar mai gemu a matsayin mai sa ido ko mai wa'azi kawai, aikin rabi aka yi. Tarihin Filato kansa ya ba da tauraron da ya fi wannan. A watan Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Tsoho ne mai rawani da farin gemu, wato daidai siffar da ake tsoro.

Na uku ya shafi yadda ake karɓar littafin. Akwai haɗarin mai karatu na waje ya yaba wa Binta saboda ta karya doka kawai, kamar dai mace Musulma ba ta zama cikakkiyar mutum sai ta saɓa wa addininta. Marubucin bai faɗi haka ba, amma da yake labarin ya rataya ne kan alaƙar da aka haramta, ƙofar wannan fahimta a buɗe take. Ana bukatar labaran da za su nuna cewa mai riƙo da ibada ma tana da dariya da kishi da wayo da buri, ba tare da ta zame ba.

7.0 Kammalawa

An ga yadda rabuwar unguwanni ta mayar da sutura takardar shaida a Jos, an kuma ga yadda Season of Crimson Blossoms ya yi ƙoƙarin mayar wa mai suturar mutuncinsa na ɗan Adam. Littafi ne da ya cancanci yabon da ya samu, kuma giɓin da ya bari aiki ne ga na baya. Ga ɗaliban Hausa musamman, ƙalubalen a fili yake. Hausa ce harshen da mai gemu da mai gicciye suke ciniki da shi a Terminus, don haka labarin da aka rubuta da ita zai iya shiga Anguwar Rogo ya kuma shiga Kabong. Sai dai wanda zai rubuta shi dole ya fara da tsabtace alƙalaminsa, domin mu ma muna da namu kalmomin na kuɗin goro: mukan kira wanda ba Musulmi ba da sunan raini, mukan ga ɗagaggen wando mu ce ɗan Izala ne mai zafin kai, mukan ga dogon carbi mu ce ɗan ɗariƙa ne mai bidi'a. Marubucin da ke son a daina auna shi da hularsa, wajibi ne ya daina auna taurarinsa da tasu.