Jinjina ga tafintocin baƙin 'yan jarida

Karl Maier, ɗan jarida Ba'amurke, ya fitar da littafinsa kan Najeriya, This House Has Fallen, a 2000, shekara guda bayan rantsar da Obasanjo a Dandalin Eagle na Abuja. Irin waɗannan marubuta kan sha yabo, amma ni tafinta nake jinjina wa. Shi ke tarbo baƙo daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe, ya ratsa da shi Kasuwar Wuse, ya koya masa gaida dattijo kafin tambaya. In an yi habaici, shi ke warwarewa. Baƙo kan tattara ya koma gida, tafinta kuwa yana nan cikin mutanen da aka ba da labarinsu, kuma shi za su tuhuma in an yi musu ƙage.