Labarin Waya: Alƙalamin Yana Hannun Wa?

Yau ƙorafina a kan sana'armu ne ta rubutu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mun taso mun tarar da littattafan yayyenmu a ƙarƙashin katifa, irin su Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da ya fito a 1990, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991. Marubuciyar wancan lokaci zama take ita kaɗai ta tsara labarinta, ta kai a buga, sannan ya shiga kasuwa. Mai karatu in tana da magana sai dai ta aika wasiƙa ta gidan waya, kafin ta isa kuwa aikin gama ya gama.

Wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, WhatsApp ya fito a 2009, sannu a hankali labari ya baro takarda ya koma waya. Gaskiya an samu alheri. Matar da ke cikin kulle, wadda ba ta da kuɗin ɗab'i, yanzu tana rubutu daga ɗakinta a karanta a Yamai da Kumasi a dare ɗaya.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Labarin waya ba a gama shi kafin a sake shi. Shafi-shafi ake turowa kullum, masu karatu kuwa suna tsaye a kan marubuciya. Wannan ta ce, "Wallahi Anti in kika bari ya auri kishiyar nan na daina karantawa." Waccan ta ce, "Don Allah a ƙara mana soyayya." Sai a ba da shafukan farko kyauta, in labari ya ɗauko daɗi a ce sai an biya. Wadda ta biya kuɗinta kuwa gani take ta sayi bakin magana. Haka marubuciya za ta yi ta bin son ransu, labarin da ya kamata ya ƙare a shafi 40 a ja shi har 100. Miji kullum mai kuɗi ne kyakkyawa, kishiya kullum muguwa ce mai bin boka. In kasuwa ta yi sanyi sai a zuba batsa, tunda sunan aro aka sa, ba mai ganin idon uwa balle na miji.

Ku tuna Rabi ta cikin Alhaki Kuykuyo Ne. Alhaji Abdu ya kore ta da 'ya'yanta saboda amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Da duniya ta juya masa baya, sai aka matsa mata ta koma gidansa. Ƙarshen nan da ciwo, amma wace ce a cikinmu ba ta san Rabi a unguwarsu ba? Da a waya aka rubuta shi, na tabbata da masu karatu sun tilasta an aura mata wani attajiri mai jirgin sama. Da mun yi tafi, mun manta da ita kafin sati. Ciwon nan shi ya sa har yau ake zancenta.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne ƙannenmu. Yarinya 'yar shekara 15 tana kwana da waya a ƙarƙashin bargo, a nan take koyon mene ne aure. Ranar da aka kai ta ɗakin malamin makaranta mai jiran albashi, da wane ido za ta dube shi?

Don haka 'yar uwa marubuciya, ki san ƙarshen labarinki tun kafin ki saki shafin farko, kuma ki tsaya a kansa ko za a yi fushi. Ke kuma mai karatu, ki bar mai tuwo ta tuƙa tuwonta, in ta sauke sai ki faɗi ko ya yi gudaji.

Allah Ya sa mu dace, amin.