Amanar Da Ba Ta Da Mai Karɓa: Duba A Kan Fim Ɗin Ressources humaines

A shekarar 1999 ne Laurent Cantet, wanda ya rasu a 2024, ya fitar da fim ɗinsa mai suna Ressources humaines. Labarin Franck ne, ɗalibin makarantar kasuwanci a birnin Paris, wanda ya komo garinsu a yankin Normandi domin koyon aiki a ofishin kula da ma'aikata na wata masana'anta. A nan ne mahaifinsa ya shekara 30 yana tsaye gaban inji. Lokacin kuwa Faransa tana cikin muhawarar dokar 1998 wadda ta nemi mayar da aikin mako awa 35.

Shugaban masana'antar ya ja Franck a jiki kamar ɗansa, ya yaba da dabararsa ta raba wa ma'aikata takardar jin ra'ayi. Daga baya yaron ya gane cewa da takardar aka zagaye sandika, ya kuma ga sunan mahaifinsa cikin jerin waɗanda za a sallama.

Ƙarfin fim ɗin yana ga wannan dattijo, wanda Jean-Claude Vallod ya fito a matsayinsa, shi kuwa ba ɗan wasa ba ne. Ba ya makara, ba ya gardama, har gargaɗin ɗansa yake kada ya ɗaga kai gaban manya. Mai kallo Bahaushe zai gane shi nan take, domin halin bara ne ga ubangidansa. Sai dai barantaka tana da igiya biyu: bara ya yi hidima, ubangida ya yi masa aure, ya tsaya masa ranar suna, ya ba shi jari idan ya kawo ƙarfi. Masana'antar Cantet ta ari murmushin ubangida da dafa kafaɗarsa, ta bar nauyin a ƙasa. Dattijon yana biyan amana ga wurin da babu mai karɓarta, shi ya sa ko da aka shiga yajin aiki ya ci gaba da juya injinsa, har ɗansa ya zo ya zazzage masa baƙar magana a gaban jama'a. Uban bai tanka ba. Wannan shiru ya fi dukan jawaban fim ɗin nauyi.

Akwai inda Cantet ya yi sanyi. Shugaban masana'antar, wanda da farko aka gina shi da wayo da fara'a, ya koma azzalumi tsagwaronsa da zarar asiri ya tonu, alhali shi ma ɗan aike ne ga masu hannun jari da ba a taɓa nunawa ba. Madam Arnoux, wakiliyar sandikar CGT, ita ma an bar ta da gaskiya cikin sauƙi. Da an nuna wanda ya rubuta jerin sunayen yana tsoron nasa sunan, da ciwon ya fi shiga jiki.