Dokar Kalifoniya Kan Motocin Ɗaga Kaya: Ina Hayaƙin Zai Koma?

A watan Yunin 2024, hukumar kula da tsaftar iska ta jihar Kalifoniya a Amurka, wato CARB, ta amince da wata doka kan motocin ɗaga kaya, waɗannan masu ƙahonni biyu a gaba da ake lodi da su a manyan sitoci. Tsarin dokar, kamar yadda aka amince da ita a 2024, shi ne a taƙaita sayar da sababbi masu ƙona gas ko fetur daga 2026, sannan daga 2028 manyan kamfanoni su fara ajiye tsofaffin, su koma masu amfani da lantarki.

Maganar gaskiya, hujjar kimiyyar tana da ƙarfi. Injin gas idan bai ƙona man sosai ba, yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya. A cikin rufaffen sito, direba ne ke fara shaƙarta. Akwai kuma sinadaran naitirojin oksaid, masu haɗuwa da hasken rana su haifar da gurɓataccen hazon da ya daɗe yana addabar Los Anjalis.

To ina matsalar? Na farko, sunan da aka ba motocin, wai marasa hayaƙi kwata-kwata. Motar ba ta da salansa, haka ne, amma wani kaso na wutar Kalifoniya har yanzu da gas ake samar da shi. Batirin darma kuwa, wanda yawancinsu suka daɗe suna amfani da shi, yakan ɗauki kusan awa 8 yana caji, kuma yana fitar da iskar haidirojin, wadda ke iya kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki. Ke nan ɗakin caji ma sai da iska mai shiga da fita. Batirin litiyam ya fi saurin cika, amma ya fi tsada.

Na biyu, kuma nan ne ya fi damuna: ikon dokar ya tsaya a iyakar jihar. Motar da aka sallama a Kalifoniya ba ta mutu ba, tana da ƙima a kasuwar kayan hannu. Mu da muka san motocin kwatano, mun san inda tsohon inji yake ƙarewa: wurin mai ƙaramin ƙarfi, inda ba kowa ke auna iskar wurin aiki ba.

Ina goyon bayan dokar, domin huhun ma'aikaci ba abin wasa ba ne. Amma da an haɗa ta da tilasta farfasa tsofaffin injinan, da ta fi cika aikinta. In ba haka ba, an share ɗaki ne an tura sharar ƙofar maƙwabci.