Gwanintar Rakiya a Tattakin 2 ga Afrilu

Wanda ya san PZ ya san ƙara. Tun zamanin da kamfanin Paterson Zochonis ya kafa kantinsa a Sabon Garin Zariya har sunansa ya bi unguwar, wurin na ciniki ne. Yau bankuna da shagunan waya da janareta da kwandastoci masu kiran Kwangila da Samaru sun mai da shi wurin da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. A nan na ga gwanintar da nake son in yaba.

Wata baiwar Allah ce da ɗanta, yaro ɗan kimanin shekara bakwai. Ta sa shi ɓangaren shaguna, ita ta tare ɓangaren titi, yana riƙe da yatsunta biyu. Da wata babbar mota ta danna oda, yaron ya tsaya cak, ya toshe kunnuwa, ya soma kaɗa jiki gaba da baya. Ta durƙusa daidai tsayinsa, ba ta ce lalle ya kalle ta ba, ta ce, "Saura shago uku." Daga nan ta yi shiru tana jira. Wani dattijo mai goro ya ce, "Hajiya, lafiya yaron nan?" Ta ce, "Lafiya lau, Baba, ƙarar ce ta yi masa yawa." Ba a yi minti biyu ba suka ci gaba da tafiya.

Likitoci na kiran wannan yanayi otizim, gidajen rediyo kan ce galahanga, kodayake mu mukan tara larurori da dama a ƙarƙashin wannan kalma. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, yana taɓa magana da mu'amala da yadda yaro ke jin ƙara da haske da taɓi, kuma gado na da hannu babba a ciki. Likita Leo Kanner ya yi bayaninsa a Amurka a 1943 bayan nazarin yara 11, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da shi. A gidajenmu har yau ana cewa shafar aljanu ce, ko sammu, ko ɗan ruwa, sai a ɓoye yaro a ɗaka. Shi ya sa nake ganin tattakin wayar da kai ya fi kowane taron otal amfani: yana fito da yaran nan fili, tsakar rana, tare da iyayensu. A Disambar 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa shawarar Ƙatar, ta ware 2 ga Afrilu domin wannan wayar da kai, kuma a ranar ne ake yawan fita tattaki cikin shuɗayen riguna.

Amma fita da irin yaron nan cikin taro aiki ne na gwani, kuma aikin daga gida yake farawa. Mai rakiya takan bi hanyar da shi sau biyu ko uku kafin ranar, lokacin da titi bai cika ba. Takan nuna masa hotuna a waya bi da bi: ga inda za mu taru, ga inda za mu sha ruwa, ga inda za mu tsaya. Abin ba-zata shi ya fi tayar masa da hankali, don haka take rage shi tun da wuri. Sabuwar rigar tattakin ma sai ya saba da ita, don ɗinkin wuya kaɗai kan iya hana shi sakat. A aljihunsa akwai takarda mai lambar waya, saboda wasu yaran kan ɓalle da gudu ba tare da sun waiwaya ba, wasu kuma ba sa iya faɗin sunan unguwarsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne karatun alamu. Kafin yaro ya fashe da kuka jikinsa ya riga ya faɗa: tafiyar ta yi sauri, gunaguni ya ƙaru, hannu ya koma kunne. Gwana tana gani tana janye shi inuwa, ta sa masa abin toshe kunne, ta miƙa masa abin da ya saba riƙewa. Kaɗa hannu ko jiki ba ta hana shi, don ta san da shi yake kwantar da kansa. Maganarta gajera ce, kuma takan ba shi lokaci ya juya ta a ransa kafin ta maimaita. In abin ya ƙi, ta ɗauke shi su koma gida ba tare da jin kunya ba. Rabin hanya ma tattaki ne.

Masu shiryawa su ma da nasu. Afrilu a Zariya tsakiyar bazara ce, sai a fita da sassafe. A bar lasifika da jiniya da ganga a gida. Daga PZ zuwa ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ya yi wa yaro nisa, gajeren zagaye ya wadatar, da jami'an kiyaye haɗurra a mahaɗa, da Keke Napep biyu a baya don wanda ya gaji. Kuɗin da aka tara a faɗi inda za su tun kafin a fita, kuma mafi dacewa su tafi ga kuɗin motar iyaye zuwa asibitin koyarwa na Shika da ladan masu koyar da magana.

Kai kuma da kake bakin shago, in ka ga uwa ta durƙusa gaban ɗanta a tsakiyar PZ, don Allah ka rage sautin rediyonka, ka hana yara taruwa a kansu, ka miƙa mata kujera.