Awon Littafi Da Kunne

An daɗe ana yi wa mai karatun littattafan Hausa wani gori: wai ba shi da ma'auni. Ka tambaye shi littafi kaza, sai ya ce "ya yi daɗi", ko "ya sa ni kuka", ko kuma "ban iya ƙarasa shi ba", shi ke nan. Manazarcin da ya saba da jigo da salo da zubi da tsari yana jin haka sai ya taɓe baki, ya ce son rai ne kawai. Ra'ayina shi ne an zalunci wannan mai karatu. Yana da ma'auninsa, mai tsauri ma kuwa, ya dai rasa sunayen da ake kiransa da su a aji. Kuma ma'aunin nasa ya fi dacewa da ƙagaggen labarin Hausa fiye da wanda aka aro aka kawo mana.

Tarihin a taƙaice yake. Da alƙalai aka fara: gasar 1933 ta Rupert East ita ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Gasar kamfanin NNPC na Zariya ta 1978 ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed. Duk wannan zamani wasu 'yan mutane ne ke zama su ce wannan ya ci, wancan ya faɗi, sannan a kai makarantu a karanta dole. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, kamfanoni suka ja baya, marubuta suka koma buga nasu da kuɗinsu, sai alƙalancin ya suɓuce ya faɗa hannun matan aure da 'yan mata da samarin da ke hayar littafi a shago. Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka mayar masa da martani, aka yi ta gwabzawa a jaridu. An yi gardama kan marubuta da jigoginsu har aka gaji, amma yadda mai karatun kansa ke yanke hukunci bai samu kulawar da ta kai wannan ba.

Ga hujja ta farko. Littattafan nan kashi-kashi ake sayar da su, na ɗaya, na biyu, na uku. Wadda ta gama na ɗaya ta aiki yaro ya sayo na biyu ta yanke hukunci da kuɗinta, kuɗin da wataƙila daga cefane ta tsakuro. Wanda ya danna tauraro huɗu a Goodreads, dandalin da aka buɗe a 2007, bai yi asarar ko sisi ba, kuma lambar da ake samu bayan an tara ra'ayin dubban mutane an raba ba ra'ayin kowa ba ce a cikinsu. Za a ce ai yawan ciniki ba inganci ba ne. Gaskiya ne, ni ma ban ce a ƙirga kwafi ba. Tambayata ita ce: mene ne wannan mai karatu ta gwada a kashi na ɗaya har ta yarda ta sake biya?

Amsar ita ce magana. Mai karatun Hausa da kunne yake awo, ko da a zuci yake karatu. Gwajinsa shi ne, in aka rufe duk wani "in ji wane" da "wance ta ce", zai iya gane mai magana? A rayuwar Bahaushe matsayi a baki yake fitowa. Matar da ta san kanta ba ta kama sunan miji, sai ta ce Malam, ko Alhaji, ko baban wance. Uwa ba ta kiran ɗan fari da sunansa. Suruka ba ta zagin matar ɗanta ido da ido. Tana iya tsayawa a tsakar gida ta dubi rana ta ce ashe yanzu azahar ake karin kumallo, ta wuce, kuma kowa ya san inda kibiyar ta sauka. Uwargida na iya ce wa amarya "sannu da hutawa" cikin murya mai sanyi, gaisuwa ce da ba a iya kai ƙararta, ga shi kuma ta fi mari zafi. Saurayi gaban baban budurwarsa yakan cika maganarsa da gaisuwa da addu'a, ainihin buƙatar ta zo can ƙarshe a gajarce, in ma ba wakili aka tura ba. Marubucin da ya iya waɗannan ba ya buƙatar ya gaya mana cewa wance makira ce ko wane matsoraci ne, domin bakinsu ya riga ya tona su. Wanda bai iya ba kuwa, sai ka ga yarinya 'yar shekara goma sha biyar tana zazzaga wa mahaifinta jawabi mai sakin layi uku kan 'yancinta, ko tsohuwar ƙauye tana magana da Hausar labaran rediyo. Nan take mai karatu ke ajiye littafin ta ce "bai yi ba". Ba za ta iya yin sharhin dalili ba, amma kunnenta ya kama ƙarya, kuma hukuncinta daidai ne.

Da wannan ma'auni ake gane dalilin da ya sa Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya daɗe. Labarin miji ya auro sabuwa ya kori uwar 'ya'yansa, daga baya duniya ta juya masa baya, ba sabon labari ba ne. An rubuta irinsa ba adadi. Abin da ya riƙe littafin shi ne Rabi, uwar 'ya'yan, tana magana kamar macen da ta gaji da ciyar da gida da guminta, Delu, amaryar, tana magana kamar wadda ta ga jiya ta ga yau, mijin nasu Alhaji Abdu kuma da isar mai shago a kasuwa. An fassara shi zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012, sai manazartan waje suka yi ta yaba jigon 'yancin mata. Ba laifi, amma masu karatunsa na Kano sun riga su yanke hukunci da shekara ashirin, kuma ba daga jigo suka fara ba. Haka In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino: soyayyar 'yar masu kuɗi da ɗan talaka tsohon zance ne, kalaman Sumayya da Muhammad ne samari suka riƙa kwafa suna sawa a wasiƙa.

Wani zai ce ai masu karatun da kansu darasi suke ambata, su ce littafi ya yi kyau domin yana da faɗakarwa. Suna faɗa, marubuta ma suna rubutawa a gabatarwa. Amma a tuna a wane yanayi ake faɗar: a Kano, garin da a 2007 aka cinna wa littattafan hikaya wuta a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, dole mai son karatu ta nemi kalmar da za ta kare kanta. Littattafai masu cike da wa'azi da ba wanda ya waiwaye su sun fi ƙarfin lissafi. Darasi yakan sa a yafe wa littafi, magana ce ke sa a maimaita shi.

Sukan da ya fi ƙarfi shi ne kunne ba ya ganin tsari. Yana iya yafe wa marubucin da ya ja labari don ya kai kashi huɗu, ko ya tattara ƙarshe a shafi biyu da haɗarin mota. Na yarda, a nan manazarci yana da aikin yi. Akwai kuma haɗarin kunnen Bakano ya ƙi Sakkwatanci ko Hausar Damagaram don baƙunta kawai, alhali tsohon Basakkwace da aka sa wa daidaitacciyar Hausa a baki shi ne ƙaryar. Sai dai gyaran wannan shi ne a faɗaɗa sauraro. Domin tun tushe don kunne aka gina zubenmu: Alhaji Imam ba da labarin Ruwan Bagaja yake yi da baki, Shaihu Umar almajiransa yake wa bayani, a Magana Jari Ce aku ne ke riƙe da ɗan sarki da hira. Gidajen rediyon da ke karanta littafi da masu naɗar murya su ɗora a YouTube gado suka ci gaba da shi. Saboda haka ina kira ga alƙalan gasa irin Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016, da malaman da ke duba kundayen ɗalibai: kafin a ba labari maki, a sa wani ya karanta shafi ɗaya na hirar cikinsa da ƙarfi, a saurara.