Welcome to Wrexham: Garin Da Ya Riƙe Ƙungiyarsa Kafin Baƙi Su Iso

Yawancinmu a gidan kallon ƙwallo muka koyi son ƙungiyoyin da ba mu taɓa taka garuruwansu ba. Shirin Welcome to Wrexham, wanda tashar FX ta fara nunawa a 2022, ya kai mu wurin mutanen da ƙungiyar garinsu ce, suka gaje ta kamar gona.

Wrexham gari ne a arewacin Wales da ya rayu da haƙar kwal. A 1934 mahaƙar Gresford ta fashe, mutum 266 suka mutu. Daga baya mahaƙun suka rufe, aikin yi ya yi wuya. Ƙungiyar garin, wadda aka kafa a 1864, ita ma ta faɗo rukuni na biyar a 2008, ta shekara 15 a can. A 2021 taurarin fim biyu, Ryan Reynolds da Rob McElhenney, suka saye ta, kyamarori na biye da su.

Shirin ya fi armashi duk lokacin da kyamara ta bar masu kuɗin ta shiga gari. Muna ganin tsofaffin da suka yi furfura a filin Racecourse, da iyayen da ke kai 'ya'yansu kallo kamar yadda aka kai su. Zango na farko ya ƙare da kashin da Grimsby ta ba su da ci 5-4, kuma ba a ɓoye hawayen ba. Shi ya sa da Ben Foster ya tare fenaretin Notts County a Afrilun 2023, mai kallo ya riga ya san nauyin abin da ya tare. Wrexham ta gama kakar da maki 111, ta haye.

Sai dai mu masu rubuta manhaja mun saba tambayar abin da ke aiki a bayan fuskar waya. Shirin yana ba da labarin mai ƙaramin ƙarfi, alhali Wrexham ta zama attajirar rukuninta. Paul Mullin ya baro Cambridge, wadda ta haye rukuni na uku, ya sauko na biyar. Notts County ta tara maki 107 ba tare da tauraron fim ko ɗaya ba, amma an fi nuna ta a matsayin shingen da za a tsallake. Kuma masu ƙungiyar suna cikin masu shirya shirin. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Abin da ya fi tsaya mana a rai ya faru tun kafin zuwansu. A 2011 ƙungiyar ta kusa rasa gurbinta a gasar, magoya baya suka yi karo-karo, suka tara sama da fam 100,000 cikin kwana guda, daga baya suka karɓi ragamarta. Shirin ya ambaci wannan zamani, amma a matsayin share fagen zuwan baƙi. Mu kuwa muna ganin nan ne asalin labarin. Da ba su riƙe ta shekara goma ba, da babu abin da za a saya.

Wrexham ta sake hayewa a 2024 da 2025, farin cikin garin kuma na gaske ne. A kalli shirin, ya cancanta. Amma wanda ya tashi daga kallonsa yana addu'ar wani attajiri ya faɗo wa ƙungiyar garinsu, ya tsallake darasin da mutanen Wrexham suka bayar a 2011.